Hannunka Ba Ya Ruɓewa Ka Yanke Ka Yar: Jawabi Kan Zaman Taimakon Juna Na Masu Son Barin Giya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin lafiya, ya gabatar a taronmu na wata-wata a unguwar Yara, Keffi. Ya roƙi kada a buga sunansa, kuma mai karatu zai ga dalili a cikin jawabin.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban ƙungiya, mai unguwa, iyayenmu malamai, dattawa, iyaye mata da ke can baya, da 'ya'yanmu matasa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da shugaba ya ce in zo in yi magana a kan shaye-shaye, na san abin da yake tsammani. Yana tsammanin tsohon malamin asibiti zai zo ya lissafa cututtuka, ya ja kunnen yara, ya koma ya zauna. To, zan ɗan taɓa wannan. Amma na kwana uku ina shawara da zuciyata, na ga in na tsaya nan kawai, na ci amanarku. Saboda haka bari in fara da abin da ya fi yi mini nauyi.

Jama'a, ni da ke tsaye gabanku, na yi shekara 21 ina shan giya a ɓoye. Na fara ne lokacin da aka tura ni aiki wani ƙaramin asibiti nesa da gida, ba iyali, ba wanda ya san ubana. Abokan aiki suka ce kwalba ɗaya ce, don gajiya. Daga kwalba ɗaya aka koma biyu, daga ƙarshen mako aka koma kullum. Ina sahun gaba a masallaci, ina duba marasa lafiya da safe, ina cin goro da kanumfari don kada a ji wari. Wasunku da ke zaune nan sun sani, sun rufa mini asiri, Allah Ya rufa nasu. Na rantse da Alƙur'ani ya fi sau goma cewa na daina, kuma wallahi duk lokacin da na rantse da gaske nake. Mafi tsawon abin da na iya ni kaɗai shi ne watan azumi da kwana shida.

Yau shekarata 9 da wata 4 ban sa ta a baki ba. Ikon Allah ne. Amma Allah Yana sanya sanadi, kuma sanadin da Ya sanya mini shi ne wani ɗaki a Abuja mai kujerun roba, inda na tarar da mutum bakwai masu irin ciwona. Wannan ɗaki, da yadda ake nemo irinsa, da yadda ake zama a cikinsa, shi ne jawabina na yau. Ba da yawun kowace ƙungiya nake magana ba, da bakina nake.

ABIN YANA CIKIN GIDANMU

Mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suka zauna a nan ƙasar Keffi, muna da wata al'ada. In aka ambaci giya sai mu nuna waje da yatsa, mu ce ai wannan matsalar maƙwabta ce, masu burkutu da bammi. Ba haka ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tashar mota akwai namu, a cikin 'yan acaɓa akwai namu, a cikin 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai akwai namu. Bambancin kawai shi ne wani yana sha a fili, namu kuwa yana shiga mota ya tafi Masaka ko Mararaba inda ba a san fuskarsa ba, ya dawo da dare.

Bugu da ƙari, zamani ya sauƙaƙa ɓoyewa. A da sai mutum ya shiga gidan giya kowa ya gan shi. Da aka kawo barasa a 'yar leda da 'yar kwalba, sai ta shiga aljihun yaro ɗan makaranta. Abin ya kai har hukumar NAFDAC ta sanar da hana yin irin wannan ƙulli a shekarar 2024. Ga kuma ogogoro da ake haɗawa a bayan gida. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda shan wadda aka gauraya da wani guba mai suna metanol, wanda ke makantar da mutum kafin ya kashe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024 inda ta ce a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar shanta. Ni ba lissafi ne ya fi damuna ba. Abin da na gani da idona a asibiti shi ne magidanci da cikinsa ya kumbura da ruwa saboda hanta ta ƙone, danginsa suna cewa sammu ne. Matarsa ta san gaskiya, amma kunya ta hana ta faɗa wa likita, har aka kai shi makwanci.

ME YA SA FAƊA DA ƊAURI BA SU ISA BA?

Ba wanda ya tashi a gidan Musulmi bai san giya haramun ce ba. Ni ma na sani, ina sha ina kuka. Watau matsalar mashayi ba rashin sani ba ce. In mutum ya daɗe yana sha, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa sukan saba, har ya zama ba don daɗi yake sha ba, don ya iya tsayawa da ƙafafunsa ne. Likitoci sun ɗauki wannan a matsayin ciwo mai buƙatar magani. Wannan bai ɗauke masa alhakin abin da ya aikata ba, amma ya nuna cewa tsawa kaɗai ba za ta warkar da shi ba, kamar yadda ba ta warkar da mai ciwon suga.

A nan sai in yi gargaɗi, kuma ina roƙon a riƙe shi da kyau. Wanda ya shekara yana sha mai yawa kullum, kada ya yanke a dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Kada kuma iyali su kulle shi su ce sai ta fita daga jikinsa. Cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu kan fara rawa, ga gumi, ga amai, ga rashin barci. Wasu kan yi farfaɗiya cikin kwana biyu na farko. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice, su riƙa ganin abin da babu, zuciya na bugawa da ƙarfi. Wannan ba aljanu ba ne, kuma yana kisa. Maganinsa yana asibiti. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a garinmu, wadda muka fi sani da FMC. A je a ga likita, a gaya masa gaskiyar abin da ake sha da yawansa. Kwana kaɗan ne a ƙarƙashin kulawa, a wuce wannan siraɗi lafiya.

Sai batun gidan mari. Dukkanmu mun ji abin da ya faru a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Bayan 'yan makonni aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Amma sarƙa ƙafa take riƙewa, ba ta riƙe zuciya. Ranar da aka kwance, ƙishirwar tana nan, ga kuma ƙiyayya ta ƙaru.

Iyayenmu malamai na nan, in na yi kuskure su gyara. Haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. An fara da ayar Suratul Baƙara mai nuna cutarwarta ta fi amfaninta, sa'an nan ta Suratun Nisa'i mai hana kusantar salla cikin maye, kana aka rufe ƙofar baki ɗaya a Suratul Ma'ida. Haka kuma Bukhari ya kawo labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An hukunta laifin, amma ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba. Mu kuwa sau da yawa korar muke fara yi.

ASALIN WANNAN ZAMA

A watan Mayu na shekarar 1935, wani Ba'amurke mai suna Bill Wilson, dillalin hannun jari daga birnin New York, ya je garin Akron a jihar Ohio don wani ciniki, cinikin ya rushe. Watansa biyar ke nan da barin giya. Yana tsaye a zauren otel, yana jin hayaniyar masu sha a gefe, ransa ya biya. Sai tunani ya zo masa cewa abin da zai cece shi a wannan rana shi ne ya sami wani mashayi ɗan'uwansa ya yi magana da shi. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar. Suka yi awa kusan shida suna magana. Abin da ya kama shi shi ne wannan baƙo bai zo da wa'azi ba, labarin kansa ya bayar, kuma kowace kalma likitan ya san ta a jikinsa. Ranar 10 ga Yuni, 1935 ita ce ake lissafawa a matsayin ranar da Dakta Bob ya yi shansa na ƙarshe, kuma bai koma ba har ya rasu a 1950.

Daga mutum biyun nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa A.A., ma'ana mashayan da ba a bayyana sunansu. A 1939 suka buga littafinsu mai ɗauke da matakai 12. Yau ana wannan zama a ƙasashe kusan 180. A 1953 aka kafa irinta ta masu shan ƙwayoyi, watau Narcotics Anonymous. A 1989 kuma wasu Musulmi a birnin Baltimore na Amurka suka kafa tasu mai suna Millati Islami, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da Hadisi.

Wani zai ce, to hira kawai tana magani? A shekarar 2020 masana na cibiyar Cochrane sun tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000. Suka gano cewa wannan hanya tana yin daidai da sauran hanyoyin da ƙwararru ke bi, kuma wajen barin giya ɗungurungum takan fi su. Ba kowa take yi wa aiki ba, kuma ba ta maye gurbin likita. Amma ba tatsuniya ba ce. Mu ma ai mun san wannan hikima tun tuni, mu da muka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Adashi ma haka yake, kuɗin da ba za ka iya tarawa kai kaɗai ba, kunyar 'yan'uwa kan sa ka tara.

YADDA AKE NEMO ZAMA

Irin wannan zama ba shi da allo a ƙofa, ba a shelarsa a rediyo. Sai an tambaya. Ga ƙofofi huɗu da za a ƙwanƙwasa.

Ta farko, asibiti. Ranar da ka je ganin likita, ka tambaye shi kai tsaye ko ya san inda masu barin giya ke haɗuwa, ko ya tura ka ga likitan ƙwaƙwalwa ko jami'in jin daɗin jama'a na asibitin. Su suka fi sanin wuraren. A kan hanyarmu ta Abuja akwai Babban Asibitin Karu, wanda ke da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, a Jos kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Kada sunan ya tsorata ka. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin ka haukace.

Ta biyu, hukumar NDLEA. Yawancinmu mun san ta da kame kawai. Amma tun da aka kafa ta a 1989 aikinta ya haɗa da ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye. A 2022 ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, inda ake magana da masu ba da shawara ba tare da an ga fuskarka ba. Wannan ya fi dacewa da wanda ya haɗa giya da tiramadol ko kodin ko wiwi, kuma irinsu suna da yawa a cikin matasanmu.

Ta uku, wayar da ke hannunka. Ana zaman A.A. a Abuja da Legas, kuma in ka rubuta sunan ƙungiyar da sunan gari a intanet za ka sami bayani. Sai dai lokaci da wuri kan canza, don haka ka kira tukuna kafin ka kashe kuɗin mota. Tun annobar korona ta 2020 kuma ana yin zama da yawa ta Zoom, dare da rana. Kana iya shiga daga ɗakinka, ka rufe kyamara, ka saurara kawai. Yawancinsu da Turanci ake yi, wannan shi ne cikas ɗinmu, kuma zan dawo kansa.

Ta huɗu, mutum irina. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san cewa jawo wani yana cikin abin da ke tsare shi kansa. Ka same ni bayan sallar isha, ko ka aiko yaro ya ce kana son in duba maka hawan jini. Zan gane. Ba wanda zai ji daga bakina.

Sai alamun wurin ƙarya. Zama na gaskiya ba a biyan kuɗin rajista, ba a sayar da magani, ba a kulle ƙofa, ba a duka, ba a ɗaukar hoto, ba a ce sai ka canza addini. Duk wanda ya ce zai raba ka da giya cikin kwana uku in ka biya kaza, riƙe kuɗinka.

ABIN DA ZA KA TARAR RANAR FARKO

Ni sau biyu ina zuwa ƙofar ina juyawa. Daga Keffi zuwa Abuja kimanin kilomita 50 ne, na biya kuɗin mota, na sha cunkoson Mararaba da Nyanya, na tsaya a bakin ƙofa, na dawo gida. A karo na uku wani dattijo ya gan ni ya ce, "Malam, shigo, shayi ya yi zafi." Shi ke nan.

Zaman awa ɗaya ne, wani lokaci da rabi. Iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda matarka ko wanka zai iya raka ka. Akwai rufaffe, na masu matsalar kaɗai. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, watau kana son ka daina. Ko jiya ka sha, ka zo. Ba a tambayar sunan mahaifinka ko aikinka. Sunanka na farko ya isa, kuma in ka ce yau saurare kawai za ka yi, ba mai matsa maka.

Ɗaya daga cikinsu ne ke jan zaman, ba likita ba ne, ba shugaba ba ne. Za a ɗan yi karatu, sa'an nan kowa ya yi magana bi da bi, a kan kansa kawai. Ba a katse mutum, ba a yi masa gyara, ba a cewa ai da ka yi kaza. A ƙarshe a zagaya da kwano, mai naira ɗari ya sa, wanda ba shi da ita ya miƙa gaba. Kuɗin shayi ne da na ɗaki. Babbar doka ita ce wanda ka gani da abin da ka ji, a nan za ka bar su. Shi ya sa ba za ku ji sunan kowa a bakina ba, shi ya sa kuma na ce kada a buga nawa.

A ranar na ji wani yana ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin buhun gawayi. Sai na ji kamar an leƙa gidana. Shekara 21 ina zaton ni kaɗai ne munafuki a duniya. Ran nan na fara faɗin gaskiya da bakina, kuma ba wanda ya ɗaure fuska.

Abubuwa uku suka koya mini. Na ɗaya, kada ka yi alkawarin har abada, ya fi ƙarfinka. Yi alkawarin yau kaɗai. In yau ta yi tsawo, daga azahar zuwa la'asar, daga la'asar zuwa magariba. Mu Allah Ya riga Ya yanka mana yini gida biyar. Na biyu, ka zaɓi jagora, wani wanda ya daɗe da dainawa, ka karɓi lambarsa, ka kira shi kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Na uku, ka kiyayi abu huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ta nan take shigowa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar albashi da ranar biki kuma ka san inda za ka kwana tun da safe. Tsofaffin abokan sha, a gaisa daga nesa.

Matakan nan 12 kuwa, in aka taƙaita, su ne ka amsa cewa abin ya fi ƙarfinka, ka miƙa lamarinka ga Allah, ka yi wa kanka hisabi a rubuce, ka faɗa wa wani amintacce, ka nemi gafarar waɗanda ka cuta ka biya su haƙƙinsu, sa'an nan ka taimaki wani. Malamai, wannan bai yi kama da sharuɗɗan tuba ba? Ni na fi wata shida ina biyan basussukan da na ci, kuma mafi wuya shi ne ranar da na zauna gaban uwargidana na lissafa mata ƙaryar da na yi mata.

Gaskiya ɗaya kuma, don kada wani ya je ya yi mamaki. Wasu zaman a ɗakin taro na coci ake yin su, domin nan aka sami aron wuri, kuma wasu kan rufe da addu'a irin tasu. Ba a tilasta kowa. Ni nakan yi tawa a zuciya. Na zauna da Kirista da Musulmi, Bayarabe da Ibo da Eggon, ba wanda ya taɓa ce mini in bar sallata. Hasali ma a can na dawo da sallar asuba a kan lokaci.

In kuma ka zame ka sha bayan wata uku, kada kunya ta hana ka komawa. Ni ma na zame sau ɗaya a shekarar farko. Da na koma ina sunkuyar da kai, abin da aka ce mini shi ne sannu da zuwa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

GA IYAYE MATA DA IYALI

Iyayena mata, na san ku ne kuka fi shan wuyar nan. Ba ke kika jawo ba, kuma ba ke za ki warkar da shi ba. Ki daina biya masa bashin giya, ki daina yi masa ƙarya wurin maigidansa. Kada ki karɓi wani magani ki zuba masa a abinci a ɓoye, akwai wanda in ya haɗu da giya yana iya kai mutum lahira. Kada a yi masa magana yana cikin maye, a bari sai da safe, a sami mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. In kuwa abin ya kai ga duka, wannan ba wurin haƙuri ba ne, ki sanar da waliyyinki da mai unguwa, ki tsare kanki da yaranki.

Iyalan mashaya ma suna da nasu zaman. Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951, ana kiransa Al-Anon. Kuma kada mu manta akwai mata da 'yan mata da abin ya kama, nasu ɓoyon ya fi na maza tsanani. Su ma 'ya'yanmu ne, suna buƙatar zamansu na mata zalla.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, na ce zan dawo kan cikas. Ɗan acaɓan Yara ba zai iya biyan kuɗin motar Abuja kowane mako ba, kuma ko ya je, Turanci zai hana shi buɗe cikinsa. Ciwo kuwa da harshen uwa ake faɗinsa. A ƙa'idar wannan tafiya, mutum biyu ko uku masu son dainawa sun isa su fara zama. Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

A ba mu aron ɗaki, awa ɗaya a mako, a wurin da shigarsa ba za ta zama abin nuni ba. Kada ƙungiya ta nemi sunayen masu zuwa, kada a rubuta su a littafin taro, kada wani babba ya ce zai leƙo ya sa albarka. A wakilta mutum biyu su je FMC su gabatar da mu, don mu san likitan da za mu kai wa wanda jikinsa ya fara rawa. Na ƙarshe, wanda ya daina, a karɓe shi. A ba shi aiki, a amsa sallamarsa, in ya nemi aure a duba halinsa na yau. In mun ci gaba da kiransa da tsohon sunansa, mu muka mayar da shi.

Kuɗi ba ma nema. Shayi da suga mu za mu saya.

Na san a cikin wannan taro akwai wanda gabansa ke faɗuwa tun da na fara magana. Ɗan'uwa, ban san ko wane ne kai ba, kuma ba sai ka ɗaga hannu ba. Ka san gidana. Ranar da aka ba mu ɗakin nan zan je in zauna, ko da ni kaɗai ne, in dafa shayi in jira. Mako na biyu ma haka.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da garinmu Keffi da jiharmu Nasarawa da ƙasarmu Nijeriya lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.